Samo Mani Irinshi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin 'yan sanda ko na sojoji ya ga kilarinet, ko da bai san sunansa ba. Shi ne baƙin abin busan nan mai fararen madannai, wanda ake riƙewa da hannu biyu, gindinsa na kallon ƙasa. A cikin badujala ido yakan tafi ga manyan ƙahonin tagulla saboda ƙyallinsu, ƙirji kuma ya bi babbar ganga, amma sau da yawa wannan siririn baƙin ne ke ɗauke da ainihin karin waƙar. Gaɓoɓi biyar ake harhaɗawa ya tashi. Huɗu daga cikinsu mabushi zai iya ba abokin aikinsa aro, ya kwana hankalinsa kwance. Ta biyar, wadda ke shiga tsakanin leɓe da haƙora, ba a aronta. In kuwa ta lalace, mai ita yakan shiga halin da wanda bai taɓa busa ba zai ɗauka shagwaɓa ce.

Wasiƙar wannan makon a kan wannan gaɓa take. Na san yawancinku ba za ku taɓa sayen bakin kilarinet ba. Ni ma kawuna ne ya ɗora mini aikin, na shafe wata huɗu ina koyon abin da babu shi a manhajar sashen aikin jarida.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, haifaffen Tamawa a ƙasar Kurfi. Ya shiga aikin ɗan sanda a 1983, aka ga yana da kunne, aka tura shi badujala, can ya zauna har ya cika shekara 35 ya ajiye kaki a 2018. Gidanmu ba gidan roƙo ba ne, kuma a ƙasar Katsina wannan magana ce mai nauyi. Busa sana'ar gado ce. Algaita da kakaki da farai suna da gidajensu, suna da Sarkin Busa, suna da wurinsu kusa da sarki ranar hawan sallah, kuma ko da yake sarauta ba ta cika sai da su, ba kowane uba ke ba su 'yarsa ba. Kaki ne ya tsare Kawu daga wannan hukunci: mutanen gari sun ɗauke shi ɗan sanda, busa kuma wani aiki ne da gwamnati ta sa shi. Da kakin ya tafi sai busar ta rage tsirararta, kuma a daidai lokacin ne ya fi bukatarta. Fansho kowa ya san yadda tsadar rayuwa ta rage masa auki. Gonar gado da ke Tamawa, a shekarun nan na rashin tsaro, akwai daminar da ba a iya kwana kusa da ita. Don haka ya zauna a Dutsin-Ma yana koya wa 'yan makaranta busa da fareti, wani lokaci kuma a gayyace shi tare da wani saurayi mai kiɗa fiyanon lantarki, su yi wasa a taron yaye ɗalibai ko liyafar aure. Da wannan ake sayen hatsi a gidansa.

Bara, bayan ƙaramar sallah, jikansa ɗan shekara uku ya ɗauki bakin daga kan tabarma, ya sake shi a kan siminti. Abin da ya ɓalle daga tsininsa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kawu ya kira ni da daddare, muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce, "Kai da ka san kan intanet, samo mani irinshi." Na ce, "Kawu, mene ne sunansa?" Ya ce rubutun ya goge tun kafin a haife ni. A hannun wani sajan da zai bar aiki ya saye shi. Kilarinet ɗin da ya riƙe a wurin aiki duk na gwamnati ne, ya canza su har sau uku, amma bakin nasa ne, kullum a aljihu yake komawa gida da shi.

Kafin a gane abin da ya sa wannan buƙata ke da wuya, sai an san yadda sautin ke fitowa. Wanda ya tashi a karkarar Katsina ya riga ya sani, ko da bai san ya sani ba. Bayan girbi, idan an kwantar da karan dawa, yara kan zaɓi gaɓa mai kyau, su zuƙe totuwar ciki, su tsaga ɗan siririn harshe a jikin karan kusa da ƙarshensa ba tare da sun cire shi ba, su sa baki a kai a gicciye su busa. Tilɓoro ke nan. David Ames da Anthony King, a littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa da ya fito a 1971, sun lissafa shi tare da damalgo, kuma a rabe-raben masana kayan kiɗa dangin kilarinet ne, domin dukansu harshe guda ne ke kaɗawa ya haifi sauti. Kowane yaro ya san cewa in ka fere harshen ya yi siriri da yawa, zai yi saurin amsawa amma ya riƙa tsiwa kamar ɗan tsako. In ka bar shi da kauri, sai kumatunka sun yi ciwo kafin ya yi magana. Ya kuma san ba a taɓa yin tilɓoro biyu masu murya ɗaya, ko daga kara ɗaya aka yanko su. Duk ilmin da zan kawo a ƙasa, da lambobinsa da sunayen Faransanci, wannan sanin na yara ne aka auna da ma'auni.

Algaita kuwa wata hanya ta bi. Harsunanta biyu ne suna bugun juna, kuma mabushi yakan shigar da su gaba ɗaya cikin bakinsa, leɓɓansa su jingina da wani ɗan faifai, kumatu su cika da iska, yana shaƙa ta hanci busar ba ta yanke ba. Leɓensa ba ya taɓa harshen, shi ya sa muryarta take fita da ƙarfi ɗaya, mai ratsa taron dawaki. Mai kilarinet ba haka yake ba. Yakan naɗe leɓen ƙasa a kan haƙora ya ɗora harshen a kai, haƙoran sama kuma su zauna a bayan bakin. Da matsin leɓen nan yake rage murya ko ƙara ta, yake gyara sautin da ya kauce. Wato rabin kayan aikin a jikin mutum yake, kuma bakin kilarinet shi ne inda rabin mutum ke haɗuwa da rabin itace.

An ƙirƙiri kilarinet a birnin Nurembag na Jamus wajen shekara ta 1700, a hannun Johann Christoph Denner. Bakunan farko na itace ne, yawu da danshi na sa su karkace, sai a ƙarni na 19 aka koma ga baƙar roba mai tauri wadda ake dafawa da farar wuta, kuma har yau ita ƙwararru suka fi amfani da ita. Ita ce kan koɗe ta koma ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan kore in ta sha rana ko ruwan zafi. Ta Kawu ta daɗe da komawa launin tsohuwar goro. Jikin kilarinet mai daraja kuwa da itacen Afirka ake sassaƙa shi, wani baƙin itace mai nauyi da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik, Suwahilawa na kiransa mpingo. Daga nan ya tafi Faransa ko Jamus, ya dawo mana da farashin kuɗin Turai. Wannan labarin mun saba jin sa a kan fata da auduga. Harshen, wanda su Kawu ke kira rid, daga wani kara ake yanko shi mai kama da gora, kuma mafi shahara shi ne wanda ake nomawa a yankin Var na kudancin Faransa.

To, a jikin bakin akwai shimfiɗaɗɗen gefe inda ake kwantar da harshen a ɗaure shi da zoben ƙarfe. Shimfiɗar ba ta miƙe har ƙarshe ba. Kusa da tsini sai ta fara zamewa a hankali tana nisantar harshen, har a bar 'yar ƙofa tsakaninsu. Abu biyu ake fara aunawa: faɗin wannan ƙofa, wanda zan kira buɗi, da tsawon zamewar, wanda zan kira gangara. Buɗin bai cika wuce milimita ɗaya da ɗan kai ba, kuma kamfanoni na ƙidaya shi da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: buɗi mai faɗi yana son harshe mai laushi, ƙunƙuntacce yana son mai tauri. Gajeruwar gangara tana ƙara turjiya, iska ta ji kamar tana tura ƙofa mai nauyi. Doguwa tana sakin harshen ya kaɗa da tsawonsa, busa ta yi sauƙi, amma tana neman leɓen da ya san inda zai tsaya. Abin da mabushi ke ji a bakinsa haɗuwar waɗannan ne da taurin harshe, shi ya sa baki mai faɗin buɗi da doguwar gangara zai iya yin kama a busa da mai ƙunci da gajeruwa, ko da yake a takarda sun yi hannun riga.

Kamfanin da ya fi sauƙin bi a wannan fage shi ne Vandoren na birnin Paris, wanda aka kafa a 1905, domin yana wallafa ma'aunin kowane samfurinsa. Samfurin 5RV buɗinsa 106.5 ne, gangararsa ta ɗan gajarta. 5RV Lyre ya ɗan fi shi buɗi, wajen 109, da gangara matsakaiciya. M13 ƙunƙuntacce ne, 100.5, da doguwar gangara, M30 kuma 115, shi ma doguwa. B45, wanda Bernard Van Doren ya fitar a 1968 ya kuma zama ruwan dare a makarantun kiɗa na duniya, 119.5 ne. Mai son kiɗan jaz yana da 5JB mai buɗi 147, wanda Kawu zai ce ƙofar gari ce. Selmer, shi ma na Paris, ya sauƙaƙa wa mai saye, ya sa lambar a cikin sunan: C85 105, C85 115, C85 120. Yamaha 4C, wanda ke zuwa da kilarinet ɗin ɗalibai, milimita 1.05 ne.

Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, a auna tsohon a sayi mai lambarsa. Ga inda take ƙin ƙarewa. B45 da B40 buɗinsu ɗaya ne, 119.5, gangararsu ma ɗaya ce, kamfanin da kansa ya faɗa. Bambancinsu kawai faɗin ɗan leɓen da ke tsinin bakin, inda ƙarshen harshe ke bugawa: na B40 ya fi faɗi. Wannan kaɗai ya isa ya sa B40 ya fi turjiya, muryarsa ta fi dunƙulewa da duhu, B45 kuma ya fi haske da saurin amsawa. Akwai mabusan da ke rantsuwa da ɗaya ba sa iya zama da ɗayan. Kama da wane ba ta wane. Bayan wannan akwai abubuwan da ba a rubuta su a kwali: zurfin kogon ciki, yadda rufin kogon ya sunkuyo kan harshe, faɗin maƙogwaron da iska ke bi ta shiga jikin kilarinet, kaurin bangon gefe biyu. Ko guda biyu masu suna ɗaya daga masana'anta ɗaya sukan ɗan bambanta, shi ya sa ƙwararre a Turai ko Amurka kan gwada biyar ko goma na samfuri guda kafin ya ɗauki ɗaya. A can har yanzu ana farautar tsofaffin bakuna na Chedeville da na Frank Kaspar da tsada mai yawa, musamman da yake Robert Marcellus, shahararren mabushin ƙungiyar kiɗan Kilibilan, da Kaspar ya yi suna. Masu sassaƙa da dama sun kwaikwayi ma'auninsu daidai wa daida, masu busa kuma suna ta cewa da sauran.

Duk da haka awo ya fi rashinsa. Masu gyaran baki suna amfani da gilashi mai zane da siraran ƙarafa masu kauri daban-daban. Gilashi mai zane babu shi a Dutsin-Ma, amma siraran ƙarafan suna nan a akwatin kowane makanike na ƙwarai, da su yake gwada tazarar fulogi da bawul. Na je hutun ƙarshen mako, muka ɗauki bakin muka kai wa wani makaniken babura, abokin hirar Kawu. Muka kifa shi a kan guntun gilashin taga, makaniken ya riƙa zura ƙarfe mafi siriri tsakanin gilashi da roba har inda ya cije, ina sa alama da biro, muna aunawa da rula. Ya yi aikin da natsuwar mai gyaran agogo, bai tambayi dalili ba sai da ya gama. Ta gefen da bai ɓalle ba, buɗin ya faɗo tsakanin milimita 1.05 da 1.10, gangarar kuma ba doguwa ba ce. Awon bakin titi ne, ba na masana'anta ba, amma ya kore B45 da danginsa, ya kore M13, ya bar mu a unguwar 5RV.

Ya kuma nuna wani abin da ya fi lambar muhimmanci. Ƙarfen ya fi nisa a gefen dama kafin ya cije, wato gangarar gefe biyu ba ɗaya ba ce. Shekara arba'in na bugun harshe da gogar tsumma sun cinye gefe ɗaya fiye da ɗaya. A baya kuma haƙoran Kawu sun haƙa rami biyu a jikin robar, ɗaya ya fi zurfi. Duk mai gyara da ya ga wannan baki zai ce gurgu ne. Amma gurguntarsa ta zo ne a hankali, leɓen Kawu yana bin ta yana gyarawa kowace rana, har ya zamana yana ɗan karkata kai hagu in zai busa, abin da duk muka ɗauka salo ne. Abin da yake nema a samo masa babu masana'antar da ta taɓa ƙera shi. Shi da kansa ya ƙera shi, da haƙori da yawu. Ban gaya masa haka kai tsaye ba, don ba a gaya wa babba irin wannan. Na ce, "Kawu, sabo zai zo da baƙunta, sai an yi haƙuri da shi." Ya ce, "Amarya ma haka take zuwa."

Sai maganar saye. A Katsina ban sami mai sayar da irin wannan ba. A Sabon Garin Kano akwai shagunan kayan kiɗa, amma cinikinsu na fiyanon lantarki ne da jita da lasifika, bakin kilarinet in an samu na roba mai arha ne, wanda ke zuwa babu suna. A Legas ana samu, inda coci-coci da makarantar kiɗa ta MUSON suka tara masu busa, sai dai ba wanda zai aiko maka da uku ka gwada ka mayar da biyu, kamar yadda manyan shagunan Turai da Amurka ke yi. Daga nan arewa sayen baki cinikin biri a sama ne. Kuma kasuwar cike take da jabu. Wani tsohon ɗalibin Kawu, da ya ji labari, ya yi karamci ya sayo masa ɗaya ta intanet, da tambarin babban kamfani a jiki, a kan kuɗin da bai kai sulusin na gaske ba. Da muka kifa shi a gilashin nan sai ga shi yana rawa kamar kujera mai gajeruwar ƙafa. Shimfiɗar da ya kamata ta kama harshe ba ta kwanta ba, iska na zurarewa ta gefe. Kawu ya yi wa yaron godiya sosai, ya sa abin a aljihun tebur.

Na gaske farashinsa ya haura dala ɗari. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin hukuma, wannan kuɗi ne da za a ciza yatsa a biya. Bayan da ta haye naira 1,500 a farkon 2024, baki ɗaya ya zama abin da ya ninka mafi ƙarancin albashi. A irin wannan hali shawarar da ƙwararrun waje ke bayarwa, wai ka gwada da yawa ka zaɓa, shawara ce ta wanda ya ƙoshi. Mu sai mu yi awo, mu rage zato, mu sayi biyu in Allah ya hore. Wata abokiyar karatuna, likita a Ingila, za ta zo gida babbar sallah, na roƙe ta ta taho da 5RV da 5RV Lyre, da harsuna masu lamba biyu da rabi, uku, da uku da rabi.

A kan na biyun na yi wani zaɓi da nake ganin ya dace da ƙasarmu, kuma ban ga littattafan waje sun damu da shi ba, don ba su san zafin Afrilu a Dutsin-Ma ba. Kayan busa muryarsu kan hau sama in iskar cikinsu ta yi zafi, saboda sauti ya fi gudu a iska mai zafi. A cikin badujala wannan ba ya cika damuwa, tunda kowa ya hau tare. Amma fiyanon lantarki ba ruwansa da rana, inda aka saita shi nan yake. Kawu ya daɗe yana fama da wannan, yana zare gaɓa ta biyu har ta kusa faɗuwa don ya sauko ya tarar da saurayin nan. Vandoren na fitar da wasu samfuransa a wani jeri da ya kira 13, wanda aka yi domin Amurka, inda ake saita kiɗa a kan 440, ƙasa kaɗan da 442 da ya zama ruwan dare a Turai. Bakin da aka ƙera ya ɗan sauko, a wurinmu riba ne. Don haka na ce a ɗauko Lyre ɗin daga wannan jeri.

Gwajin a tsakar gida aka yi shi, bayan la'asar. Kawu ya san abin da yake yi fiye da duk abin da na karanta. Bai taɓa zoben ɗauri ba, bai canza gaɓa ta biyu ba, kowane baki kuma ya ba shi sabon harshe nasa, domin harshen da ya kwana a kan wani baki ya riga ya ɗauki siffarsa. Ya fara da sautin da ya fi kowane zurfi, ya riƙe shi har numfashi ya ƙare. Ya hau zuwa sautukan tsakiya, waɗanda ke fita ta ramukan sama, masu saurin dishewa a kowane kilarinet. Sannan ya yi ta tsallake mahaɗar nan da ke raba muryar ƙasa da ta sama, inda yatsu kusan duka ke rufewa lokaci guda, inda kuma baki maras kyau ke tona asirin kansa. Daga ƙarshe ya gwada fara sauti mai tsini da murya ƙasa-ƙasa, abin da ya ce shi ne jarrabawar gaskiya, don kowane baki na iya ihu. Ni ya tura ni zaure in saurara daga can, tunda abin da mabushi ke ji ta ƙashin kansa daban yake da abin da ke isa kunnen jama'a. Matarsa, wadda ta shekara talatin da wani abu tana jin wannan busa ta bayan labule, ita ce alƙali ta biyu, kuma ta fi ni kunne nesa ba kusa ba.

Ranar farko 5RV ya ci. Da harshe mai lamba uku da rabi ya ba shi turjiyar da ya saba da ita, ya ce wannan ya san gida. Lyre ɗin kuwa ya ce ya cika sakin jiki, kuma bayansa ya fi kwanciya, haƙoransa ba su san inda za su zauna ba. Har ya ɗauko 'yar wuƙa zai fara yi masa rami, na roƙe shi ya bari, muka manna masa 'yar robar da ake liƙawa a wurin don haƙori ya sami abin kamawa. Daga zaure ni ban ji wani babban bambanci ba. Inna ta ce na farkon ya fi kama da muryar da, na biyun ya fi daɗi. Kawu ya yi kamar bai ji rabin maganar na ƙarshe ba.

Na koma bakin aiki na bar shi da su biyun, da sharaɗin kada ya yanke hukunci sai bayan mako biyu, domin leɓe yakan ja kowane sabon baki zuwa tsohuwar muryarsa in an ba shi lokaci, kuma sai a lokacin ake sanin wanda ke gajiyar da mutum. A nan ne shekaru suka yi magana. Kawu ya haura sittin, ya rasa turmi biyu a ƙasa, numfashinsa ba na saurayin da ke zagaya filin fareti da rana tsaka ba ne. Tsohon bakin, da yake ya cinye ya saki, ya daɗe yana rufa masa asiri. Sabon 5RV mai kaifin gefe ya dawo masa da turjiyar 1985, ba ta bara ba, kuma bayan rabin sa'a leɓensa kan fara rawa. A wani taron yaye ɗalibai da ya ɗauki sa'a biyu, ya fara da shi, ya ƙarasa da Lyre. Bai sanar da ni ba. A bakin saurayin mai fiyano na ji, wanda abin da ya dame shi kawai shi ne yau ba su yi faɗa a kan saiti ba.

A ganina wanda ke neman baki mai kama da nasa ya fara tambayar kansa wace kama yake nufi: ta murya, ko ta turjiya, ko ta zaman haƙori. Da wuya ukun su zo a baki ɗaya. Wanda ke busa don abinci, turjiyar da zai iya ɗauka har ƙarshen taro ita ce gaba, murya za ta biyo daga baya, don mafi yawanta daga ƙirjinsa da maƙogwaronsa take.

Tsohon bakin akwai masu gyara a waje da ke iya cike ɓallin su sake fere gangarar, amma ladan aikin da kuɗin aikawa sun fi na sabo, kuma in sun daidaita gefen nan biyu, abin da zai dawo ba nasa ba ne. Yana cikin gwangwanin alewa tare da lambobin yabonsa. 5RV ɗin ya ba wani yaro ɗan aji biyar na sakandare, ɗan wajen Kurfi, wanda ya ce yana da leɓe, da sharaɗin kada ya bari ya taɓa siminti.

Abin da ya rage yanzu shi ne harshe. Kwali ɗaya guda goma ne, a ciki uku ko huɗu ke fita na ƙwarai, kuma hunturu na zuwa zai busar da su su kanannaɗe kafin a kai Janairu. Na ba shi labarin na roba da kamfanin Légère na Kanada ke yi, wanda ba ruwansa da iskar hunturu kuma yana ɗaukar watanni. Ya saurara har na gama, ya ce shi tun yana yaro a Tamawa kara yake sa wa a baki, ba zai fara tsotsar leda da furfura ba. Sannan ya ce in likitar nan za ta sake zuwa, a gaya mata kwali biyu, lamba uku, kada ta haɗa da uku da rabi.